Ƙwayar Shinkafa da Sarewar Boehm

Har yau akwai malaman kiɗa a Turai da Amurka da ke cewa kada a miƙa wa yaro sarewar ƙarfe sai ya kai shekara tara ko goma. Wai hannunsa gajere ne, haƙoran gaba kuma ba su gama fitowa ba. Kafin nan a lallaɓa shi da rikoda, 'yar sarewar robar nan ta makarantun firamare. Ni kam ban yarda ba.

Batun hannu an daɗe da kashe bakinsa. Sarewar ƙarfen da Theobald Boehm ya ƙera a Munik a 1847 ta kai santimita 67, a gicciye ake riƙe ta, tabbas ta fi ƙarfin ɗan shekara biyar. Sai maƙera suka lanƙwasa kanta ya juyo baya, maɓallan suka matso kusa da jiki. Giɓi kuwa na 'yan watanni ne.

Rikodar ce ma abin tsoro. A bakinta akwai 'yar hanya da ke kai iska daidai inda za ta tsage, yaro na hurawa ta yi ƙara. Sarewar Boehm ba ta yi wa kowa wannan gata. Leɓɓan mai busa ne za su sirantar da iska su aika ta gefen rami, wata ta shiga, wata ta wuce. Wanda ya shekara uku da rikoda yatsunsa sun waye, leɓɓansa ko oho.

A nan dabarar malaman tsarin Suzuki na koyar da yara kiɗa take burge ni, tsarin da Toshio Takahashi, ɗalibin mai busa sarewa Marcel Moyse, ya ɗora a kan sarewa a Japan. Tun yaro bai taɓa sarewa ba ake ba shi ƙwayar shinkafa, ya ɗora a tsinin harshe ya tofar. Mai kallo sai ya ce wasa ne. To, ƙwayar ba za ta yi nisa ba sai leɓɓa sun haɗu sun bar 'yar kafa a tsakiya, harshe ya toshe kafar, iska ta taru a baya, sannan ya janye farat ɗaya. Da irin wannan janyewa kowace murya mai tsabta take farawa. In aka ajiye kwano aka ce ya jefa ciki, ga shi yana saita iska sama da ƙasa ba tare da an cika shi da bayani ba. Sharar ɗaki kam aikin iyaye ne. Daga nan sai kan sarewar shi kaɗai, gangar jikin sai an jima.

Masu suka na cewa yaran Suzuki suna makara wajen karanta rubutun kiɗa. Su makara mana! Ɗan Fulanin da ke busa sarewa a bayan shanu, wa ya ba shi takarda? Yayansa ya ji, ya kwaikwaya. Haka ake yi a wannan tsari: uwa ko uba na zaune a darasi, a gida ana sa wa yaro faifan kiɗa kullum, har ya haddace kiɗan tun bai san alama ko ɗaya ba. Ɗan shekara bakwai mai karanta takarda da busa mai huci, da wanda bai iya karatun ba amma muryar sarewarsa garau, na biyun zan zauna in saurara.