Camfi: Dokar da Ba Ta Faɗar Dalilinta

A cikin sassan adabin baka na Hausa, camfi ne ya fi shiga harkar yau da kullum. Tatsuniya sai dare ya yi, kirari sai an fita fage, amma camfi yana tare da mutum a madafa, a bakin rijiya, har a shimfiɗarsa. Gininsa kusan guda ne: a hana wani aiki, sannan a rataya masa azaba. Kada a yi shara da dare, arzikin gida zai tafi. Kada a yi fito da dare, aljanu za su amsa. Kada a yi tatsuniya da rana, mai yi zai ɓata.

An daɗe ana kallon wannan gado ta fuskoki biyu. Malaman jihadi sun yaƙi ɓangarensa mai taɓa aƙida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki duba da yanka wa itatuwa da duwatsu a cikin Nurul Albab. Turawa kuwa tattarawa suka yi, kamar Tremearne a littafinsa na 1913, ba tare da damuwa da abin da dokar ke tsarewa ba. A yau an samu rukuni na uku, masu cewa kowane camfi akwai hikima a ƙarƙashinsa.

Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A gidan da ba shi da haske sai fitilar aci-balbal, mai shara da dare tana iya kwashe allura ko ɗan kunne ta zubar a juji, ko ta ɗora hannu kan kunama. Hana tatsuniya da rana yana tsare lokacin aike da makarantar allo. Wanda ya bi camfe-camfe a tsanake zai ga yadda kakanninmu suka rayu: duhun darensu, ƙarancin kayansu, da tsoronsu na rasa yaro.

Sai dai ba duka ne suka cancanci wannan uzuri ba. Cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai tashi ɓarawo ya tsare ƙwan ƙyanƙyasa, ya hana yaro abinci mai gina jiki. Camfin da ke cewa dakashi ƙazanta ne ya sa an hana jarirai nonon farko, wanda likitoci suka tabbatar shi ke ɗauke da garkuwar jiki. Abin lura kuma, mafi yawan waɗannan dokoki a kan mata da yara suke sauka, da wuya ka ji wanda ya taka maigida.

Raunin camfi yana cikin gininsa. Da yake tsoro ya ɗauka a madadin hujja, ba ya barin ƙofar tambaya, don haka ko dalilin ya gushe dokar tana nan daram. Lantarki ya shigo, amma har yanzu wasu na tsawata wa mai shara da dare.

Aikin manazarci shi ne ya zauna da tsofaffi tun suna raye, ya rubuta kowane camfi tare da garin da ake yinsa, ya binciko wa yake karewa, wa yake cutarwa. Camfin da ke koyar da tsabta da ladabi a gaya wa yara shi da dalilinsa na gaskiya. Wanda ke taɓa lafiya ko imani a adana shi a littafi don tarihi, a daina aiki da shi a gida.