Gawayin Ƙirya da Idon Maƙeri

Ba kowane gawayi ke shiga maƙera ba. A Babban Duhu da sauran garuruwan Safana da Batsari da ke bakin Dajin Rugu, mai shayi da mai gasa masara kan yi da duk wanda suka samu, amma maƙeri na ƙirya yake nema. Itacen ƙirya tauri gare shi, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ƙota da shi. Gawayinsa kuwa nauyi gare shi, yana jure zuga, ba ya saurin komawa toka.

Gwanintar tun wurin ƙonawa take farawa. A jera itacen, a lulluɓe da ciyawa da ƙasa, a bar 'yan kafofin iska. Muddin farin hayaki mai kauri na tashi, ruwan itacen ne ke fita. Da ya koma siriri, shuɗi-shuɗi, sai a toshe kafofin. Wanda ya yi jinkiri, toka zai tarar.

A maƙera, yaro na kan zugazugi, hannu ɗaya na sauka ɗaya na tashi, don kada iska ta yanke. Gawayin da ɗazu yake lumshe sai ya ɗau haske, zafinsa kan wuce digiri 1,200. Maƙeri ba shi da ma'auni sai ido, shi ya sa yake aiki a inuwar rumfa, don hasken rana na ɓoye launin ƙarfe. In ja ne mai duhu, da saura. In ya koma ruwan goro, sai awartaki ya ɗauko shi zuwa kan uwar maƙera, masaba ta sauka, don da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In ya fara fesa farin tartsatsi, ƙonewa yake, nan take ka ji, "Kai, sassauta!"

Bakin gatari na sifirin mota ya fi komai gwada mutum. A tsoma shi ruwa da zafin da ya wuce kima, ya tsage. Zafin ya gaza, bakin ya lanƙwashe a saran farko.

Ƙirya ba ta saurin girma, rashin tsaro kuma ya sa shiga daji ya yi wuya. Don haka gabanin damina, lokacin da manoma ke layin fartanya da garma, maƙerin da ya iya tattalin iska shi ne buhun gawayinsa ke kai shi ƙarshen aiki.