Tashe Daga Ƙofar Gida Zuwa Dandamali

Idan azumi ya kwana goma, aka sha ruwa, aka sallame asham, yara kan fito tashe. Haka aka saba a unguwannin Birnin Kebbi da Argungu, kamar yadda aka saba a Sakkwato da Kano da Zariya. Wasan kwaikwayo ne cikakke wanda ake rera shi daga farko har ƙarshe, da mai bayarwa da 'yan amshi, da shiga ta musamman da ɗan gajeren labari, kuma raha ce jigonsa. M. B. Umar ya tattara da dama daga cikin irin waɗannan wasanni a littafinsa Wasannin Tashe.

A duba wasan malamin da ake zargi da rawa. Yaro ne ɗan shekara goma ko ƙasa da haka, an naɗa masa rawani da tsohon zanen uwarsa, an liƙa masa gemun auduga, ga allo a hammata, ga tasbaha. 'Yan amshi suna tuhumarsa, shi kuwa yana musu, yana ɓata rai, yana neman a kawo shaida. Ana cikin haka kiɗan gwangwani ya ratsa shi, sai ga ƙafa ta soma motsi, kafin a ankara ya cashe, gemu ya faɗi ƙasa. Cikin ɗan lokaci kaɗan an gama hukunta mai faɗa da baki yana saɓawa a aikace, ba a kama sunan kowa ba. Jatau mai magani ma haka, da gafakarsa cike da saiwoyi da alkawarin warkar da kowace cuta. 'Yan mata kuma, da kiɗan ƙwarya, suna sa ɗaya ta yi shigar miji, a koya wa amarya zaman aure ana ƙyalƙyala dariya.

Yau wasan ya ja baya a titi. Waya da finafinai sun cinye daren yara, iyaye kuma suna ɗari-ɗarin barin 'ya'yansu yawon dare. A Kano ma rundunar 'yan sanda ta hana tashe a 2023 da 2024 saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Inda ya fi samun mafaka yanzu shi ne dandamali: ranar al'adu a makarantu da tarukan ɗaliban Hausa. Ina murna da wannan ƙwarai, domin wanda ya girma da tashe, idan ya ga tsoho mai gemun auduga ya fito yana dogara sanda, zuciyarsa sai ta yi fari.

Amma fa dandamali yana karɓar wani abu a madadin mafakar. A ƙofar gida, maigida da matan gida suna cikin wasan. Su ake yi wa sallama, su ke tanka wa yaran, su ke miƙa hatsi ko 'yan kuɗi, kuma yawan abin da aka bayar shi ne hukuncin masu kallo. Yara sun san gidan da za su tsawaita da wanda za su gajarta. Sun san in an zo ƙofar marowaci, ko gidan da tuzuru yake, akwai ɗan ƙarin da za a saka wanda unguwa kaɗai za ta gane. Ko tashen gwauro na Nalako a Kano, ai daɗinsa shi ne mutumin da aka kama gwauro ne na gaske, kowa ya san shi. A kan dandamali kuwa manyan baƙi suna zaune a kujeru, lasifika ta shiga tsakani, an ɗinka wa yara kaya iri ɗaya, malami ya sa sun haddace baitoci yadda suke a littafi. Sai a yi tafi a tashi, babu wanda aka sosa wa inda yake masa ƙaiƙayi.

Turawa ma suna da wasan barkwanci na waƙa, sun kuma san wannan matsala. The Mikado na Gilbert da Sullivan, wanda aka fara nunawa a Landan a 1885, har yanzu ana maido shi, kuma akwai waƙa guda a cikinsa da aka saba sabunta baitocinta duk lokacin da aka sake shi, a cusa 'yan siyasa da halayen zamanin da ake ciki. Da haka tsohon wasa yake ci gaba da cizo. Tashe ya fi kowa cancantar wannan 'yanci, tunda da ma ba a rubuce aka haife shi ba.

Ƙasar Kabi kuwa ba ta rasa abin yi wa raha. Ga dillalin shinkafa mai tauye mudu, ga mai sayar da taki gauraye da yashi, ga ɗan kabu-kabu mai ɗaukar mutum uku da buhu, ga Jatau na zamani da ya koma tallar magani a waya. A rera su da harshen Kabawa yadda ake maganarsa a kasuwa, kada a goge shi ya koma Kananci don a burge baƙi.

Argungu ta riga ta nuna cewa abin da ya kwanta yana iya tashi. Bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga kundin UNESCO a 2016, ya kuma dawo a kogin Matan Fada a Maris 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Ina kira ga masu shirya bikin, da malaman Hausa na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da sauran makarantun jihar Kebbi, su ba tashe fili. Su sauko da shi ƙasa cikin da'irar jama'a, su bar yara su ƙirƙiri nasu baitocin, a kuma bar 'yan kallo su tanka su ba da tukuici da hannunsu.