Kaboyi: bindiga tana raba gardama?

Da yawa cikinku sun taɓa ganin silimar kaboyi, ko a Damagaram ko a cikin salula. Mutum ne bisa doki, da malafa da bindiga a ƙugu. In rikici ya tashi, wanda ya riga harbi shi ke da gaskiya.

Mu duba ɗaya daga cikinsu, "Gunfight at the O.K. Corral", na shekarar 1957. Labarin Wyatt Earp ne, ɗan doka, wanda shi da ƴan uwansa suka yi harbe-harbe da wasu masu shanu a garin Tombstone na Amurka, a 1881. An tsara shi da kyau, dawaki suna sukuwa, mai kallo ba ya gyangyaɗi. Amma akwai abin da ya ɓoye. Faɗan na gaskiya bai wuce rabin minti ba, mutum 3 suka mutu. Kuma bai kashe wutar ba. Bayan wata 2 aka harbi wansa Virgil, hannunsa ya shanye. A 1882 aka kashe ƙanensa Morgan. Earp kuma ya fita ramuwa. Silimar ta tsaya wurin nasara, ba ta kai mu wurin makoki ba.

Wani ɗan ƙasarmu, Mustafa Alasan, ya gane wannan. A 1966 ya yi silima da faransanci ake ce ma "Le Retour d'un aventurier", wato dawowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi, Jimi, ya komo daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi. Ya raba ma abokansa. Suka ɗauki sunayen Turawa, suka hau dawaki, suka shiga sata da duka, suka raina dattawa. Daga baya suka juya ma junansu. Jingare Maiga da Zalika Sule suna cikin ƴan wasan. Gajere ne, minti 30 da ƴan kai, yana kuma ba da dariya sosai, har wani ya iya shagala da dariyar ya manta darasin. Duk da haka ya fi na Amurka faɗin gaskiya, don ya nuna wanda ke shan wahala: mutanen ƙauye.

Mu a Damargu, daga Tanut har Balbeji, manomi da makiyayi rijiya ɗaya suke sha. Da kaka, in dabbobi suka shiga gona, rai yana ɓaci. A silimar kaboyi nan ne ake zaro bindiga. Mu muna da mai gari da hakimi da shugabannin makiyaya, waɗanda ke duba ɓarna su yanke diyya. Dokar karkara ta 1993 kuma ta kafa hukumomin da ake ce ma Kofo, masu shata burtali da rubuta takardun gonaki. Wannan hanya tana da jinkiri, ba ta da kiɗa, amma ba ta barin marayu.

Ku kalli silima, ku ji daɗinta. In an gama, ku tambayi yaranku: wa zai ciyar da iyalin wanda aka harbe?