3.4 Sharhi A Kan Yadda Ake Koyar Da Aikatan Sauyin Hali Na Ingilishi

Hanyar da aka fi bi a azuzuwan Ingilishi na yankin Funtuwa da Malumfashi ita ce a jero wa ɗalibi aikatau, kowane da fassararsa guda: "become" zama, "go" tafi, "turn" juya, "fall" faɗi, "grow" girma. Wannan hanya tana da sauƙin haddacewa, kuma ba za a ce ba ta da amfani ga ɗan aji ɗaya ba. Illarta tana fitowa ne idan aka zo bayanin yadda abu ya bar wani hali ya shiga wani.

Dalili kuwa shi ne Hausa ba ta cika dogara da "zama" wajen wannan aiki ba. Bahaushe yakan ce wane ya zama malami ko ya zama sarki, wato suna ne ke biyo baya. Amma ba ya cewa masara ta zama nunanniya, sai dai ya ce ta nuna. Sauyin yana cikin aikatau ɗin kansa. Idan aka dubi rukunonin aikatau guda 7 da Parsons ya fito da su a 1960, za a ga "nuna" a rukuni na 3, "bushe" da "ruɓe" da "makance" a na 4, "gyaru" da "dafu" kuma a na 7. Inda babu irin wannan aikatau sai a ɗauko "yi", kamar a ce nono ya yi tsami ko tumatir ya yi ja.

Ingilishi kuwa sau da yawa yakan raba aikin gida biyu, aikatau da sifa, kuma sifar ce ke zaɓen abokin tafiyarta. Launi ya fi tafiya da "turn", shi ya sa ake cewa "the leaves turned yellow". Lalacewa ta fi tafiya da "go", kamar "go bad" da "go blind". Rashin lafiya da barci suna ɗaukar "fall", sauyin da ke zuwa sannu a hankali kuma "grow", kamar "grow old". Shi kuwa "get" ya fi yawa a maganar baka, "become" a rubutu. Ke nan ɗalibin da aka ce wa "go" tafi ne, in ya ci karo da "the milk went bad" sai ya shiga neman inda madara ta nufa.

Akwai wata matsalar da jerin bai taɓo ba sam. "Ƙasa ta bushe" na iya nufin bushewar ta auku, ko kuma a bushe take yanzu. Ingilishi ya bambanta su: "has dried" daban, "is dry" daban. Daga nan ne ake samun irin "the maize has ripe" a takardun jarrabawa, kuma mai duba takarda ba ya la'akari da cewa tunanin yaron daidai yake a Hausa.

Abin bai tsaya a jarrabawar WAEC ba. Wannan yanki ne na auduga da masara da dawa, kuma a Funtuwa aka kafa ɗaya daga cikin shirye-shiryen bunƙasa noma uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a 1975, tare da na Gusau da Gwambe. Bayanin da ke jikin kwalbar maganin feshi da Ingilishi ya fi zuwa, kuma ɗan makarantar gida ake miƙa wa ya karanta. Idan ya fassara "when the leaves turn yellow" da juyawar ganye, manomi zai jira abin da ba shi aka ce ya jira ba.

Saboda haka ya fi dacewa malami ya fara daga jimlar Hausa da yaro ya sani a gona, ya ba shi aikatau da sifarsa a haɗe, "turn red", "go sour", "fall ill", a matsayin abu guda da za a riƙe tare.