Call of Duty a Shagon Gem na Unguwarmu: Abin da Na Gani Cikin Mako Uku

Tun da aka buɗe shagon gem ɗin nan na bayan layinmu nake jin ƙorafin iyaye a kansa. Wani ya ce ɗansa ya fara tsallake Islamiyya, wata ta ce canjin cefane ya daina dawowa cikakke. Rannan wani dattijo ya tare ni bayan sallar Isha'i ya ce, "Malam, ku da kuke rubutu ba za ku ce komai ba? Garin da ya san ƙarar bindiga ta gaske, a nan za a zauna ana koya wa yara harbi?" Na ce, "Baba, a yi mini uzuri in je in gani da idona tukuna." Ban so in yanke hukunci a kan abin da ban taɓa riƙe fad ɗinsa ba. To na je, kusan kullum bayan La'asar, har mako uku.

Na tarar da mai shagon cikin matsala biyu, kuma matsalar tasa ce ta ba ni abin rubutawa. Ta farko, cikin PS4 ɗinsa uku ɗaya tana wajen gyara. Kada mu manta, a Nuwamban 2013 kamfanin Sony ya fitar da wannan na'ura, kuma yawancin waɗanda ke iso mana 'yan kwatano ne, wani ya riga ya more su a Turai. Su zo nan su haɗu da ƙurar hunturu. Ƙura ta toshe hanyar iska, farin man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar na'urar ya bushe, sai ka ji fanka tana ruri kamar injin markaɗe, can kuma ta kashe kanta don zafi. Ga ramin HDMI da ke lalacewa saboda cire waya da mayarwa, ga wutar da ake ɗaukewa ba sallama a dawo da ita da ƙarfi, ga janareta. Fad kuwa ba a magana: sandarsa ta fara tafiya ita kaɗai, sojanka ya riƙa juyawa hagu kai ba ka taɓa komai ba. Yaranmu masu gyaran waya suna ƙoƙari, wallahi, don da yawansu a YouTube suka koyi buɗe ta, su share, su canza man. Amma in abin ya kai ga allon ciki, sai an ba direba ya kai Jos ko Kaduna, a jira.

Matsala ta biyu ita ce kuɗin rajista. Wanda bai sani ba, sayen na'ura da faifan wasa bai isa ka kara da mutanen duniya ta intanet ba. A yawancin wasanni sai ka biya Sony kuɗin PlayStation Plus. Nijeriya kuma ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusu da sunansu, saboda haka kowa a nan ɗan Amurka ne ko ɗan Ingila a takarda, ya sayi katin dala a hannun 'yan kasuwa ya loda. A Satumban 2023 Sony ya ɗaga kuɗin shekara na matakin ƙasa daga dala 59.99 zuwa 79.99, daidai lokacin da naira ke zubewa. A farkon 2023, da dala take wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, abin bai wuce naira 45,000 ba. Da dala ta haura 1,500 a 2024 ya koma wajen 120,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a shekarar naira 70,000 ne. Mai shagon ya ce mini, "Yaya, ƙwallo nawa za a buga kafin in mayar da wannan?" Sai ya bar rajistar ta mutu. Warzone, wanda ya fito a Maris 2020, kyauta ne, ba ya neman rajista, amma saukar da shi da sabunta shi yana cin data kamar ba gobe, don akwai lokacin da girmansa ya haura gigabayit 100.

Da intanet ta fita daga lissafi, sai yaran suka koma ɓangaren da a da ba su kula da shi ba, wato labarin da ke cikin wasan, wanda mutum ke bi shi kaɗai daga farko har ƙarshe kamar fim. A nan ne ake gane abin da masu wasan ke son faɗa. Faifai biyu na bi tare da su.

Na farko Call of Duty: Advanced Warfare na 2014. Yaran suna sonsa don dalili ɗaya: akwai Legas a ciki. Labarin ya fara a 2054, daga baya ka zama sojan haya na wani kamfani mai suna Atlas, wanda ɗan fim Kevin Spacey ya fito a matsayin shugabansa. A matakin da ake kira Traffic, 'yan ta'adda sun yi garkuwa da Firayim Ministan Nijeriya, ku kuka zo ceto. Da na ji haka na yi dariya. Rabonmu da Firayim Minista tun Janairun 1966 da aka kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa. Za a iya cewa ai labarin gaba ne, ƙila mun canza tsarin mulki kafin lokacin, amma ni ban ga alamar sun yi wannan tunanin ba. Gudun da ake yi a kan babban titi, ana tsalle daga rufin wannan mota zuwa waccan, ya yi kyau ƙwarai, ni kaina sai da na miƙe tsaye. Amma Legas ɗin fenti ce kawai. Mutanen gari aikinsu su yi ihu su watse, sojan Nijeriya aikinsa ya nuna hanya, ceto kuma na baƙo ne. Da za a cire sunan a sa Nairobi ko Accra, babu abin da zai canza. Abin da ya dame ni, yaran ba su ga haka ba. Murna suke an ambaci ƙasarsu.

Na biyu shi ne ya hana ni barci: Modern Warfare na 2019, na Infinity Ward. Ta fuskar sana'a, gaskiya a ba su. Ƙarar kowace bindiga daban, nauyinta kamar a hannunka, hasken ɗaki da duhun lungu duk sun zauna. Akwai matakin da sojojin Ingila ke shiga wani gida a Landan cikin dare, suna hawa bene a hankali, ɗaki bayan ɗaki. Ka buɗe ƙofa ka ga mace, ba ka sani ba jariri za ta ɗauka ko bindiga. In ka harbi jaririn, wasan ya tsaya ya mayar da kai baya. Shagon da ya saba da hayaniya ya yi tsit a wannan wurin.

Sai kuma matakin da ake kira Hometown. A nan ba soja ba ne kai. Yarinya ce ƙarama, Farah, a wata ƙasar ƙirƙira mai suna Urzikstan. An kai wa garinku hari, mahaifiyarki ta mutu a ƙarƙashin gini, wani soja ya shigo gida ya kashe mahaifinki, ke da ɗan'uwanki kuna ɓuya a ƙarƙashin kayan ɗaki yana nemanku. Wani saurayi ɗan wajen shekara 20 ne ke riƙe da fad a ranar. Yana cikin yi sai ya miƙa wa na kusa da shi ya fita waje, bai dawo ba sai washegari. Ban tambaye shi ba, kuma ba sai na tambaya ba. Mai irin shekarunsa yana ɗan shida ko bakwai a Afrilun 2011, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya cinye kasuwar Kafanchan, ya yi abin da ya yi a Zonkwa. Iyayensa sun ga na Maris 1987. Shi da kansa ya zauna a ɗaki cikin dokar hana fita ta awa 24 a Disamban 2016. A garin nan akwai gidaje, namu da na maƙwabtanmu Fantswam da Kaninkon da Bajju da sauransu, da aka taɓa ɓoye yara a ƙarƙashin gado. Waɗanda suka tsara matakin sun yi shi ne don ɗan Amurka ya ɗanɗani abin da bai taɓa gani ba. Ba su san faifan zai biyo jirgin ruwa ya sauka a hannun wanda ya riga ya sani ba.

Duk da haka ba zan ce matakin sharri ba ne. Cikin duk abin da na gani, shi kaɗai ne ya nuna yaƙi ta wajen wanda ake yi a kansa. Laifin wasan a wani wuri yake. Akwai hanyar da suka sa wa suna Hanyar Mutuwa, suka ce Rasha ce ta yi wa masu gudu ruwan bama-bamai a kanta. A tarihi, hanyar da ake kira da wannan suna ita ce ta Kuwaiti zuwa Basra, kuma jiragen Amurka da ƙawayenta ne suka ragargaji ayarin Iraƙi a kanta a Fabrairun 1991. An ari sunan, an canza mai laifin. Yaron da bai karanta tarihi ba zai tashi da na wasan a kansa. Haka nan sojan da kake riƙewa kullum yana da uzuri: in ya keta doka, don ya kare mutane ne. Wannan tunani na cewa namu in sun yi ɓarna dole ce ta sa su, na wasu kuwa mugunta ce, mun san shi a Kudancin Kaduna, kowane ɓangare yana da nasa. Ba ma buƙatar a shigo mana da ƙari daga waje.

Ga kuma sakaci da addini, wanda ya faru fiye da sau ɗaya. A 2012 sai da suka janye filin Favela na Modern Warfare 2 na ɗan lokaci saboda an ga rubutu mai sunan Allah a jikin firam a banɗaki. A Nuwamban 2021 aka ga shafukan Alƙur'ani watse a ƙasa a cikin Vanguard, Activision ya cire ya ba da haƙuri. Kamfanin da Microsoft ya saya a 2023 kan kusan dala biliyan 69 bai rasa kuɗin ɗaukar mutum ɗaya da zai duba irin wannan ba.

To, Baba, ga amsar tambayarka. Cewa wasan yana mayar da yaro mai kisa, ban gani ba, kuma ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta faɗa a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar da ta nuna wasannin nan ne ke jawo aikata ta'asa. Danna maɓalli ba ya koya wa mutum saɓa bindiga. Rikice-rikicenmu ma sun girmi PlayStation. Har ma na ga abin da ban zata ba: yara daga tsallaken gari, masu sunayen da ba irin namu ba, suna zaune benci ɗaya da namu, suna zagin fad ɗaya. Wuraren da hakan ke faruwa a garin nan ba su da yawa, shi ya sa ban goyi bayan masu cewa a rufe shagon ba.

Amma a jikin kwalin faifan an rubuta 18 ɓaro-ɓaro, kuma na ƙirga yara 'yan firamare a tsaye a bayan benci suna kallon yadda ake kashe mahaifin Farah. Turawan da suka yi abin ma ba su yarda ɗan shekara tara ya gani ba. Na yi wa mai shagon magana, ya ce in ya kore su wa zai biya kuɗin mai? Na ce ai ƙwallo suka fi bugawa, ya bar musu ƙwallo da tseren mota da rana, harbi sai bayan Isha'i, ga manya, kuma a rufe lokacin salla da lokacin Islamiyya. Ya ce zai duba. Kwamitin unguwa zai iya taimaka masa ya duba da sauri.

Shekaranjiya na'urar ta uku ta dawo daga Jos, fanka ta yi shiru. Samarin sun fara karo-karo don su sayi katin wata ɗaya su koma intanet, ko da yake daga nan harsashinka yana isa bayan na ɗan Jamus ya riga ya same ka, saboda nisan na'urorin da ke haɗa wasan. Saurayin nan da ya fita waje yana cikin masu karon. Na tambaye shi ko zai ƙarasa labarin Farah. Ya ce, "A'a, Malam, na intanet ya fi. Can in an kashe ka tashi kake yi."