WA YA YAYE MATA MAYAFI?

'Yan uwana mata, 'yan mata da matan aure, da masu karatu a tsakar gida bayan an sauke tukunya, da masu karantawa a ɓoye cikin littafin lissafi. Yau ba labari na zo muku da shi ba, ƙara na kawo, kuma wadda na kawo ƙarar ni ce da kaina, sai abokan sana'ata marubuta littattafan soyayya. Laifi tudu ne in ji Bahaushe, to ni dai bari in fara sauka daga kan nawa.

Lokacin da na buga littafina na farko da kuɗin adashena, murna ta sa na ɗebi kwafi biyar na shiga mota daga Ƙanƙara har Sabuwa don in kai wa Gwaggona. Ita ce ta fara biya mini Ahalari ina ƙarama, kuma tana karanta boko daidai gwargwado domin ta yi ajin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar ta sa tabarau ta buɗe, ni kuwa ina gefe ina jiran yabo. A shafin farko na rubuta wani saurayi ɗan masu kuɗi yana tafe a mota, ya hangi yarinya ta taso daga Islamiyya, ya taka birki. Daga nan na shiga siffanta ta yadda muka saba: fara sol, dara-daran idanu, siririn hanci, wushirya, gashi har gadon baya, ƙirar kalangu, har dai na cinye shafi uku.

Gwaggo ta ɗago kai ta ce, "Ke 'yar nan, ba kin ce da hijabi ta fito har ƙasa ba?"

Na ce, "Eh Gwaggo."

Ta ce, "To gashin nan da ya sauko gadon baya a ina ya gan shi? Wa ya yaye mata mayafi?"

Na yi dariya na ce ai salon rubutu ne, kowa haka yake yi. Ta ce, "Shi yaron kallo guda ya yi a kan hanya. Ke ce kika tsayar da 'yar mutane shafi uku kika tara mata jama'a." Ta ajiye littafin ta tashi alwala. Wallahi ranar na ji haushi, har na ce a raina tsofaffi ba su san adabi ba. Sai da aka yi shekaru maganar ta dawo ta same ni.

Hukuncin kansa ba ɓoyayye ba ne, duk wadda ta zauna a Islamiyya ta ji shi. A Suratun Nur, aya ta 30, Allah Maɗaukakin Sarki ya umarci muminai maza da su runtse daga ganinsu su tsare farjinsu, sannan a aya ta 31 ya juyo kan muminai mata da wannan umarnin, ya ƙara musu da rufe ado da sauko da mayafi a kan ƙirji. Ki lura da kyau 'yar uwa, da maza aka fara. Malaman tafsiri kuma sun lura cewa ba a ce mutum ya rufe ido gaba ɗaya ya riƙa karo da bango ba, an ce ne ya rage daga ganin, domin akwai kallon da ya halatta akwai wanda bai halatta ba. Sahabi Jarir ɗan Abdullahi ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da kallon ba-zata, sai ya umarce shi da ya kawar da idonsa, hadisin yana cikin Muslim. Ya kuma yi wa Sayyidina Ali nasiha da kada ya bi kallo da wani kallon, na farko an yafe masa, na biyun ba nasa ba ne. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu tun kaka da kakanni, ta sa runtse ido cikin farillai, ta cire kallon farko da ba na ganganci ba, da kallon tsohuwa, da kallon budurwa saboda uzuri kamar ba da shaida a kanta, da kuma kallon mai neman aure.

To ku ɗauko kowane littafi goma daga cikin namu ku duba inda soyayyar take farawa. Ba a kallon farko take farawa ba, a na biyu ne, wanda aka hana. Ya bi ta da kallo. Ya kasa ɗauke idonsa. Ya saki baki har na bayansa suna danna masa oda. Ya juya kan mota ya bi ta a hankali har ya ga gidan da ta shiga. Mu kuma sai mu sa masa suna mai daɗi, mu ba shi digiri da kamfani, mu sa shi yana sallar asuba a jam'i, a ƙarshe mu aura masa ita. Yarinya 'yar shekara sha biyar da ta karanta irin wannan sau hamsin, me kuke so ta ɗauka ranar da wani ƙato ya kafe ta da ido a bakin kasuwar Sheme? Za ta ce so ne ya zo, alhali kuwa mai irin wannan kallon jiya wata ya yi wa, gobe ma wata zai yi wa.

Kada a ce na koma bayan masu zagin littattafanmu. Tun farkon shekarun 1990 ake wannan muhawara a jaridu, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano, irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano a zamanin shirin A Daidaita Sahu, kuma ni ban ga abin da wutar ta gyara ba. Mata da yawa a ƙasar nan ba don littattafan Balaraba Ramat Yakubu da na maƙwabciyarmu Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ba, da karatun Hausar ma ya zube musu bayan aure. Ni kaina a akwatin yayata na tsinci waɗannan littattafan, su suka sa mini sha'awar alƙalami. Ina son sana'ar nan, shi ya sa nake faɗa mata gaskiya.

Abin da ya fi damuna ma ba saurayin cikin littafi ba ne, wa'azin da muke liƙawa a ƙarshe ne. Idan abu ya lalace a labarin, yarinya ta yi ciki ko aure ya mutu, sai marubuciya ta gyara zama ta ce ga sakamakon fita da ɗan gyale, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Shi mai idon ba a ko tambayarsa. Haka ma wasu masu wa'azi suke yi, a yi awa guda kan tsawon hijabi, a ba aya ta 30 minti biyu. Ba na musun hijabi, wajibi ne kuma a ayar yake. Amma ku tuna abin da ya faru a Hajjin ban kwana, yana cikin Buhari da Muslim. Fadlu ɗan Abbas yana bayan Manzon Allah a kan abin hawa, wata mata 'yar ƙabilar Has'am ta zo tambaya kan yi wa mahaifinta tsoho aikin Hajji, Fadlu yana kallonta tana kallonsa. Sai Manzon Allah ya kama fuskar Fadlu ya juyar da ita ɗaya gefen, ya kuma amsa wa matar tambayarta. Fuskar saurayin aka juya. A littattafanmu nawa aka taɓa juya fuskar saurayi?

Ban gane nauyin wannan ba sai a 2020, kuma ba a littafi na gane shi ba. Duk wanda yake yankinmu ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Bayan harin Kadisau a watan Yunin shekarar, mata da yara suka yi ta kwararowa cikin garuruwa, wasu aka tsugunar da su a makarantu, wasu suka raɓa a gidajen dangi. Na je Faskari duba wata 'yar uwar mahaifiyata da ta gudo. Matar nan shekara ashirin tana cikin kulle, ko maƙwabcinsu bai san kamanninta ba. Da daddare ta fito da zani ɗaya da goyo, ɗankwalin ma a daji ya faɗi. Da na same ta an ba ta aron wani ɗan mayafi da bai kai gwiwar hannu ba, kuma dole ta fita ɗibar ruwa, dole ta bi layin karɓar abinci.

Na raka ta famfo da yamma, hanyar ta bi ta gaban wata majalisa. Maza ne manya, wasu da furfura, suna zaune a benci ana shan shayi. Tun da muka ɓullo hira ta tsaya, idanu suka biyo mu har muka wuce, wani matashi ma ya ɗaga waya. Ina jin yadda take jan mayafin nan, ta ja gaba baya ya buɗe, ta ja baya gaba ya buɗe. Da muka dawo ta ce mini, "'Yata, gara in kwana da ƙishi." Allah sarki! Ku gaya mini wace daddawa ce a nan? Wannan baiwar Allah ba ta da abin da za ta cika aya ta 31 da shi, an ƙone shi tare da ɗakinta. Su kuwa na kan benci ba abin da ya hana su cika aya ta 30, ko sisin kwabo ba ta ci.

Kuma hukuncin majalisa a fili yake. Abu Sa'idul Hudri ya ruwaito cewa Manzon Allah ya gargaɗi sahabbai kan zaman bakin hanya, da suka ce ba su da makawa sai sun zauna don a nan suke tattaunawa, sai ya ce to su ba hanya haƙƙinta, ya lissafa: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Runtse ido ne na farko a jerin. Ashe benci ma da sharaɗinsa. A daren nan na kasa barci, domin na tuna shafukan nan uku nawa, na ga ni da mai wayar nan sana'armu ɗaya, shi da gilashi ni da biro.

Batun hoto kuwa sai an yi adalci. Da aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamban 2020, iyaye mata sun taru a makarantar suna kuka, 'yan jarida sun ɗauka duniya ta gani, kuma ranar 17 ga watan aka sako yara 344. Wannan a ganina ya fi kusa da uzurin shaida da Risala ta ambata, an kalla ne don a kawo ɗauki. Daban yake da ɗaukar 'yar gudun hijira a layin famfo a tura wa abokai a WhatsApp ana sharhi kan wace ce ta fi kyau.

Mu ma mata kada mu noƙe, aya ta 31 da runtse ido ta fara kafin ta kai ga mayafi. Malamai sun yi saɓani kan mace ta kalli namiji ba tare da sha'awa ba, da yawa sun halatta, suna kafa hujja da yadda Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasan masu a masallaci Manzon Allah yana kare ta. Amma in sha'awa ta shigo babu saɓani. Matar da za ta kwana tana jan fuskokin 'yan fim a TikTok, gari ya waye ta dubi maigidanta ya dawo daga gona da ƙura ta ji ya rage mata daraja, ita ma ta san kallon da ta yi ba na farko ba ne.

Wata za ta ce to in an cire kallo da me za a rubuta soyayya? Ai addini bai bar mu hannu rabbana ba. Da Mugira ɗan Shu'uba ya nemi aure, Manzon Allah da kansa ya umarce shi ya je ya ga matar, don hakan ya fi sa zama ya ɗore. A mazhabarmu ta Malikiyya mai neman aure zai ga fuska da tafukan hannu, kuma da saninta, an ƙi ya yi mata leƙen shammata. Ki duba wannan fage da idon marubuciya: zaure, tabarma, ƙanwa na leƙe ta bayan labule, shi ya rasa inda zai sa idonsa, ita ta rasa inda za ta sa hannunta, kowa ya san kallon nan da izini aka yi shi kuma da nauyi a bayansa. Wallahi akwai bugun zuciya a nan fiye da na taka birki a titi, lalaci ne kawai ya sa muke kwafar juna.

A littafin da nake rubutawa yanzu na gwada. Na bar yarinyar cikin hijabinta, mai karatu ya san ta ta hanyar maganarta da yadda take riƙon ƙannenta bayan sun baro ƙauye. Ba sauƙi, sau huɗu ina yaga babin farko. Da na tura wa wasu masu karatuna, tambayar da ta fara dawowa ita ce, "Anti, wai fara ce ko baƙa?" Wata ma cewa ta yi in ba a siffanta ba ita ba za ta saya ba, kuma kun san da kuɗin adashe ake buga abin nan.

Na dai daure na kai wa Gwaggo babin. Ido ya yi rauni yanzu, ni na karanta mata tana jan carbi. Na kai inda saurayin ya shigo zaure, dogo, mai saje, mai faffaɗan ƙirji da murɗaɗɗun damatsa, sai ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Ita kin rufa mata asiri, Allah ya rufa naki. Shi kuma wannan bawan Allah, wa ya tuɓe mashi riga?"